Jirgin Injiniya da Ba Ruwansa da Ɗauke Wuta

Idan ka sauka unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou a China ka tambayi Abdulrasheed, sai an ce maka wanne. Idan ka ce Injiniya kuwa, ko mai gasa naman bakin gada zai nuna maka hanya da tsinken tsire. Ba wata makaranta ce ta ba shi sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ya yi ta nanatawa har mutane suka gaji suka karɓa. Hujjarsa ɗaya ce, wai kakansa ya yi aikin reluwe a Kano zamanin Turawa, saboda haka ƙarfe a jininsu yake. Waɗanda suka san gidansu a Fagge sun ce gaskiya ne tsohon ya yi zaman tasha, amma rake yake miƙa wa fasinja ta taga.

Shekararsa tara a Guangzhou yana jagorancin baƙi. Ya tarbo ɗan kasuwa a filin jirgin Baiyun, ya kai shi Shiling wajen masu jakunkuna, ya yi masa tafinta da Sinancin da bai wuce kalma talatin ba, sauran ya cike da hannu da ɗaga murya. Aiki ne na yau akwai gobe babu, kuma ya ishe shi. Abin da yake kwana yana tashi da shi shi ne wakilci, wato babban ɗan kasuwa ya damƙa maka sito da odarsa ta shekara, ka zauna a ofis mai sanyi, ka huta da bin baƙo da leda a rana.

Sai ga labari cewa Alhaji Abdulmumini, mai shaguna a kasuwannin Kwari da Wambai na Kano, zai iso cikin sati, kuma ba zai koma ba sai ya naɗa wakili, don gwiwa ta fara hana shi zirga-zirga. Mutum biyu ake ambata. Akwai Injiniya, akwai kuma Tankari, wani siririn mutumin Maraɗi, tsohon direban tirela, mai magana kaɗan amma kowacce da ƙaya.

Mai hankali zai wanke rigarsa ya jira. Injiniya ya ce shi ba zai tarbi Alhaji hannu rabbana ba, sai ya samo masa hajar da tun da aka kafa Kano ba a taɓa kai irinta ba, don a san bambancin injiniya da direba. Kwana biyu yana yawo bai samu ba, sai a rana ta uku ruwan sama ya kora shi cikin wani bene na masu kayan wasa.

A hawa na uku ya tarar da shagon wani tsoho mai suna Liang, wanda ba ya sayar da komai sai ƙananan jiragen ƙasa. A tsakiyar shagon akwai tebur mai faɗin tabarma uku, an gina gari guda a kansa, da duwatsu da gadoji da tasha, da mutane kamar ƙwayar shinkafa suna jiran jirgi. Kan jirgin kuwa bai wuce tsawon tafin hannu ba. Tsohon ya ga baƙo ya tsaya baki buɗe, sai ya danna wani abu. Wani ɗan ƙarfe ya miƙe daga rufin jirgin ya taɓa wayar da ke sama, jirgi ya sulale shiru. Ya sake dannawa, ƙarfen ya kwanta, jirgi ya ɗauki gurnani irin na babbar mota, har da ɗan hayaƙi siriri yana tashi.

Tsoho ya yi magana a wayarsa ta fassara, ya miƙo. Ta ce wannan kwaikwayon wani babban jirgi ne mai aiki biyu, inda akwai waya ya sha lantarki, inda babu ya koma dizal.

Kalma biyu Injiniya ya kama, lantarki da dizal, sai zuciyarsa ta ƙarasa sauran. Ashe janareta ne a cikin ɗan abin nan! Nan take ya hango falon wani attajiri a unguwar Nasarawa, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, talabijin ya mutu, baƙi suna fifita da hula, jirgi kuwa yana ta zagaye abinsa ba ruwansa. Wane mai kuɗi ne a Kano zai ga wannan a gidan maƙwabcinsa ya yi barci? Shi dai a ransa ya riga ya hau kujerar wakili, har ya fara tunanin kalar labulen ofis.

Tsoho Liang bai gama bayani ba. Yana ta nuna ƙarafan layin dogon, yana nuna wani baƙin akwati mai abin murɗawa, waya tana ta zubo rubutu. Injiniya ya ɗora tafinsa a kan wayar ya ce, "Laoban," wato maigida, "ni injiniya ne." Ya ɗauki kan jirgi da tarago uku da layin dogo. Akwatin kuwa ya ture, ya ce ya san dabarar 'yan kasuwa ta cusa wa mutum abin da bai nema ba. Takardar bayani ma a kan kanta ya baro ta.

Masaukinsa a hawa na goma sha ɗaya yake, ƙofa biyu tsakaninsa da gidan abincin Hajiya Fasuma, wata Bamaraɗiya da rabin Hausawan Xiaobei ke cin tuwonta. Ana gab da azahar ya shimfiɗa layin dogo a ƙasa, ya feɗe waya da haƙori, ya ɗaura bakin nan biyu a ƙarafan, ya cusa ɗaya gefen cikin soket ya tokare da tsinken ashana, yadda ake yi wa dutsen guga a gida. Aka ji tau, aka ga shuɗin haske, wutar hawan gaba ɗaya ta mutu. Tukwanen lantarkin Hajiya guda biyu suka tsaya da shinkafa rabin dahuwa.

Kafin ya gama korar hayaƙi da tawul, mutane sun cika ƙofarsa. Ya ce musu gwaji ne, kuma gwajin ya nuna wutar China ba ta da inganci. Tankari ya leƙo ta saman kafaɗar wani, ya dubi jirgin da ya narke ya manne da layi, ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina ƙasar ga, ban taɓa ganin an ɗauke kuran ba sai yau. Ka kawo muna gida har ɗaki, Injiniya. Mun gode."

Hajiya Fasuma ba ta yi wasa ba. Ta ce in ya sake kashe mata tukunya, da ludayi za ta yi masa gwaji.

Washegari ya koma wa tsoho Liang da gawar jirgi a leda. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya yi ta juya ta yana dubawa, har Injiniya ya ɗan ji kunya, abin da ba ya yawan samunsa. Da ya nemi wani, tsoho ya ce, "Meiyou," wato babu, alhali ga ɗan'uwansa nan a cikin gilashi yana ƙyalli. Sai da aka yi ta lallashi, kuma ya yarda zai haɗa da baƙin akwatin, sannan aka fito da shi. Tsoho ya jona komai a gabansa sau biyu kamar mai koya wa ɗan fari alwala. Daga nan ya ɗauko wata 'yar kwalba, ya nuna ƙaramin rami a rufin jirgin, ya ɗaga yatsa uku. Man hayaƙi ne, ɗigo uku ake sawa don kwalliya.

Injiniya ya sunsuna kwalbar a hanya ya taɓe baki. Wannan ne dizal ɗin nasu? Abu kamar man kitso, kuma ɗigo uku, ina ɗigo uku zai kai jirgi? Ya gane nan ne Sinawa suka yi ƙwauro, kuma nan ne injiniya zai nuna kansa. Jirginsa dizal na gaskiya zai sha, ya sha ya ƙoshi.

A gidan mai suka ce ba sa zuba wa mutum a gora sai da takarda. Ya bi gidajen mai uku, amsa ɗaya. A ƙarshe wani direban babbar mota da ke lodin kaya zuwa Baiyun ya tsiyayo masa a robar shayin sanyi, aka ba shi kwalin taba. Kalar ta zo daidai, ba mai cewa ba shayi ba ne.

A ƙofar jirgin ƙarƙashin ƙasa ne aka samu matsala. Mai binciken kaya, wata mata da takunkumi a hanci, ta nuna robar, ta yi alamar kurɓa da hannu, don haka ake yi wa duk mai ɗauke da abin sha. Injiniya ya waiga. Layi ya yi tsawo a bayansa, kuma a cikin layin ga wasu Kanawa biyu da ya kai Shiling shekaranjiya, suna ɗago masa hannu suna "Injiniya, Injiniya." Ga kwandon shara a gefe, taku ɗaya. Amma mutumin da ya ce ƙarfe a jininsa yake ba zai jefar da man jirginsa a gaban baƙinsa ba. Ya buɗe, ya yi bisimilla, ya kurɓa, ya haɗiye, ya yi wa matar murmushi da ido jawur ya ce, "Xiexie," wato na gode.

Tasha biyar yana gyatsa. Tarago a cike maƙil, amma kujeru huɗu na kusa da shi babu kowa. Da ya wuce ƙofar Hajiya Fasuma sai ta ɗaga murya daga kicin tana tambayar wa ya faka mata tirela a bakin ɗaki. Ranar bai iya cin komai ba sai madara.

Alhaji Abdulmumini ya sauka ranar Alhamis. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka taru a wajen Hajiya, wadda ta yarda a haɗa mata tebura uku don darajar baƙon kawai. Injiniya ya yi aiki, a ba shi wannan. Ya zagaye kwanukan tuwo da layin dogo, ya yi ramin dutse da kwalin jakunkuna, ya kafa sandunan cin abinci a cikin gutsattsarin sabulu, ya ja wayar hanga a kansu ta zama wayar sama. Ya kuma ɗura wa jirgi dizal da sirinji, ba ɗigo uku ba, sai da ya ga yana tsattsafowa ta tagogi.

Alhaji ya zauna a kan gaba cikin farar shadda, dattijo mai sanyin magana. Mutum wajen ashirin suka tsaya a kansa, Kanawa da mutanen Nijar da wasu 'yan Kumasi. Injiniya ya murɗa akwati a hankali, jirgi ya kunna fitila, ya yi ƙaho, ya ja taragonsa uku ya shige kwali ya fito ta bayan kwanon miyar kuka.

Ɗakin ya ɗauki sowa. Alhaji ya sunkuyo har gemunsa na neman taɓa tebur. Ya ce rabonsa da jin irin wannan ƙahon tun yana ɗan shekara bakwai, da mahaifiyarsa ta ɗauke shi a jirgin Nguru, ta ɗaure masa dafaffen ƙwai a bakin zane. Ya ce a sake zagayawa, aka sake. Ya ce a ƙara, aka ƙara. Idon tsohon ya kawo ruwa, ya dafa kafaɗar Injiniya ya sa masa albarka. Ko Tankari sai da ya gyaɗa kai.

Da Injiniya ya ja bakinsa ya yi shiru a nan, da an ci tuwo an watse lafiya. Amma wanda ya sha dizal saboda abu ba zai bari a tashi ba a gani ba.

"Ranka ya daɗe, ai ba ka ga komai ba," in ji shi. "Wannan jirgin ko an ɗauke wuta ba ruwansa. Da kansa yake komawa dizal. Shi ya sa na ce Kano za mu kai shi, kwantena guda."

Tankari ya tambaya a hankali ina tankin yake, ina matatar mai, ta ina iska ke shiga, don shi dai a saninsa injin gazuwal, wato dizal, ba ya tashi sai da waɗannan. Injiniya ya ce ina direban tirela ya san jirgi, ai ko a gida tirela tsayawa take yi jirgi ya wuce. Aka yi dariya, dariyar ta ƙara masa iska.

"To, a ɗauke kuran ɗin mu gani," in ji Tankari.

Hajiya ta ce ba a gidanta ba. Kafin ta rufe baki Injiniya ya kai bango, ya ja babban makunni ƙasa. Fankoki suka lafa, firji ya yi shiru, jirgi ya tsaya cak a gaban kwanon Alhaji, fitilarsa ta mutu.

Injiniya ya ce a ba shi minti ɗaya, ko janareta ma sai ya yi numfashi. Aka ba shi minti ɗaya, aka ƙara masa biyu. Zafin Guangzhou na watan Yuli ya shigo ya zauna tare da su, mutane suka fara fifita da murafan kwano. Ya ɗaga jirgin ya kifa shi yana neman igiyar ja, babu. Ya girgiza shi a kunne. Ya ce iska ce ta shiga bututun mai.

"Zuƙo mishi da baki," in ji Tankari. "An ce ka saba."

Ashe Kanawan nan biyu sun ba da labari. Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Injiniya ya yi kamar bai ji ba, ya ƙara sirinji guda, mai ya malalo a kan layi. Ya mayar da jirgi, ya murɗe akwati har ƙarshe, ya shiga tura shi da ɗan yatsa kamar motar da batirinta ya mutu, yana cewa yanzu zai kama. Wani ɗan Kumasi ya naɗe hannun riga ya tambaya ko a taru a taya shi turi. Alhaji dai gumi na bin wuyansa.

Hajiya Fasuma ta tuna da naman da ke firjinta. Ba ta yi shawara da kowa ba, ta bi ta bayan mutane ta mayar da makunni sama.

Jirgi ya yi wata irin ƙara. Ƙafafunsa suka shiga juyawa a wuri ɗaya saboda santsin mai, sannan hayaƙi ya turnuƙo daga rufinsa, mai kauri, mai warin tashar manyan motoci. Injiniya ya daka tsalle.

"Ya kama! Dizal ya kama! Ina Tankarin yake?"

Tankari ya ɗaga yatsa sama. Kowa ya bi yatsan da kallo, ga fanka tana juyawa abinta. Injiniya kaɗai ne bai duba ba, ya cire hularsa yana goge man da ke kan layi don jirgi ya samu wurin takawa. Ya kuwa samu. Ya fizga kamar an harba shi, ɗan ƙarfen rufinsa ya sarƙe da wayar hanga, ya kwashi sanduna da sabulai yana ja, ya tsinke ta cikin kwali, ya iso kwana da gudun da ba a yi kwanar dominsa ba. Ya bar layi, ya tashi sama da taragonsa uku, ya dira tsundum a cikin miyar kukar Alhaji. Abin da ya yi saura a kwanon bai kai wanda ya koma kan shadda ba.

Sai ƙararrawar gobara ta ɗauka. Masu gadin bene biyu suka banko ƙofa, suka ga hayaƙi, ba su tambayi kowa ba, suka saki tukunyar kashe wuta. Farin gari ya rufe tuwo, ya rufe tebur, ya rufe Alhaji tun daga hula har takalmi. Aka ce kowa ya fita, kuma ba a hawa lif in ƙararrawa na kaɗawa. Hawa goma sha ɗaya aka sauko da ƙafa, Alhaji yana rataye a kafaɗar Tankari, kowace matakala sai ya ambaci sunan Allah. Hajiya na bayansu da ludayi a hannu tana neman Injiniya, tana rantsuwa ko ruwan wanke hannu ba zai ƙara samu a gidanta ba.

A bakin titi duk mutanen benen sun fito, Sinawa da baƙi, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Aka samo wa Alhaji kujerar roba daga wani shago. Ya zauna yana haki, fari fat, ga koriyar miya a ƙirji. Injiniya ya kutsa ya durƙusa a gabansa, ya ce ranka ya daɗe, shi ya gano matsalar, dizal ɗin ne gauraye, direban nan ne ya cuce shi, in aka samu mai kyau gobe-goben nan za a ga aiki.

Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya laluba aljihun ciki ya zaro wata takarda a ninke, ya karkaɗe garin da ke kanta, ya buɗe. Takardar wakilci ce, da hatimi da sa hannu, kuma Injiniya ya hango sunansa a tsakiya da manyan baƙaƙe, Abdulrasheed, an buga da inji.

"Mahaifiyarka ta zo gidana kafin in taso," in ji Alhaji. "Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Tun a Kano aka buga wannan. Tuwo kawai na zo mu ci in miƙa maka."

Injiniya ya ƙura wa sunansa ido. Ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Alhaji ya shafa aljihu bai ji abin rubutu ba, sai ya miƙa hannu ya zare biro daga aljihun gaban rigar Injiniya. Ya ɗora takardar a gwiwa, ya ja layi biyu a kan sunan, ya ɗago ya tambayi Tankari cikakken sunansa da na mahaifinsa. Ya rubuta a hankali, harafi bayan harafi, ya sa hannu a gefe. Sannan ya rufe biron, ya mayar wa Injiniya a aljihu, ya ɗan daddaɓa wurin.

"Biron nan yana rubutu da kyau," in ji Alhaji. "Wannan kam ka iya zaɓe."